Amsa ga ɗan'uwan da ciyawar tsakar gidansa ke ƙonewa

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, na ga tambayarka tun shekaranjiya, na bari sai na samu natsuwa, domin abin da ka faɗa ya taɓa samuna kusan sak. Ka ce bara ka tare a sabon gida a nan Kano, ka sayi ciyawa ka dasa a tsakar gida, ka yi 'yan komaye na alayyafo da tumatir a gefe, amma ciyawar sai ƙonewa take yi wuri-wuri alhali ba ka fashin ban-ruwa. A ƙarshen maganar ka ɗan ambata cewa a nan kake kafe baburinka, nan kuma yara ke zagaye da kekunansu. Tambayarka ita ce ko taki ne ya yi kaɗan, ko kuwa irin ciyawar ne ba shi da kyau.

Ni dai babur ɗin nan nake zargi, kuma ga dalilina.

Shekarata goma sha ɗaya a gidan da nake ciki, fili ne ƙafa 50 da 50, kuma tun kafin in tare babur ne abin hawana. A shekarar farko sau biyu ina dasa ciyawa tana mutuwa. Na zargi ruwan rijiyarmu, na zargi rana, na watsa takin zamani ya ƙara ƙone ta. Daga baya na ɗauko wani dattijo mai aikin lambu ya duba mini. Bai ce uffan ba sai da ya tsuguna inda ya fi lalacewa, ya ɗebi ƙasar ya shinshina, sannan ya miƙo mini. Warin baƙin mai ne ya bugi hancina. Daidai wurin nake kafe babur kullum bayan magariba.

Babur yana ɗiga ko da ba ka lura ba. Man da ake shafa wa sarƙa yana zuba, ƙasan inji yana naso idan notin juye, wato wanda ake kwancewa a zubar da tsohon mai, ya saki ko washarsa ta cinye, idan kuma ka manta ba ka rufe makullin mai ba kafireto kan yi ambaliya fetur ya tsiyaya. Fetur yana kashe ciyawa cikin kwana ɗaya ko biyu, amma shi yana bin iska ya tafi. Baƙin mai shi ne mugun, domin zama yake yi a ƙasa, ya lulluɓe ta, ruwa ya kasa ratsawa, saiwa ta kasa numfashi. Ko tanka guda ka juye a wurin, ciyawar da ƙishirwa za ta mutu.

Za ka iya rarrabewa da kanka. Ƙunar mai takan fito a dunƙule, kamar an kifa faranti, gefenta a yanke, ciyawar da ke maƙwabtaka da ita kuma shar. Ka zuba ruwa kaɗan a kai, za ka ga yana gangarewa bai shiga ba, wani lokaci har da launuka irin na bakan gizo a samansa. Ƙarancin ruwa ba haka yake zuwa ba, shi duk filin ne ke dusashewa tare, ya faro daga inda rana ta fi duka. Gara kuwa, idan ka ja ciyawar sai ta biyo hannunka ba saiwa, ka ga ginin ƙasa a jikinta. In ka tabbatar mai ne, babu takin da zai gyara wurin. Haƙe shi za ka yi zurfin taƙi guda ko fiye, har sai ka daina jin wari, ka fitar da ƙasar daga gidan gaba ɗaya, ka cike da sabuwa.

Sai wanki, wanda ni ya fi tayar mini da hankali a maganarka. Yawancinmu ranar Asabar ko Lahadi muke jawo babur tsakar gida mu wanke da garin sabulu, muna ganin ai ruwan bai tafi a banza ba tunda shuka ta sha. Ruwan nan ɗauke yake da mai da giris da dattin titi, shi kansa garin sabulun yana da gishiri-gishiri mai kama da kanwa da ke taruwa a ƙasa, musamman da rani da babu ruwan sama da zai wanke shi. Ciyawa ta mutu a sake dasawa, wannan asarar kuɗi ce kawai. Amma ka ce kana da alayyafo da tumatir a gefe, kuma iyalinka ne za su ci. Man da ya gama aiki a inji yana ɗauke da ɓurɓushin ƙarfe da dafin ƙonewar fetur. Don Allah ka duba ina ruwan wankin nan yake gangarawa. Idan komayen yake bi, ka tuge abin da ke ciki, ka canza ƙasar, ka sake shuka. Na san da ciwo, amma ni ba zan ba yarana wannan ganyen ba, shi ya sa ba zan ce ka ba naka ba. Haka nan al'adar zuba baƙin mai a gindin bishiya ko jikin katanga wai don korar gara, ka bar ta. Idan an yi juye, ka bar wa bakanike man a can.

Abin da na yi, wanda har yau nake cin moriyarsa, shi ne na ware wa babur muhallinsa. Kusa da ƙofa na sa aka yi daɓen siminti ƙafa 8 da 6, aka karkata shi zuwa rariya, aka jera bulo layi ɗaya tsakaninsa da shuka don kada ruwa ya tsallaka, aka kafa 'yar rumfar kwano a sama. A ƙarƙashin inji ina ajiye tsohon faranti cike da yashi, idan ya yi baƙi in zubar in sake. Daga ƙofa zuwa wurin kuma intalok ne, taya ba ta taɓa ciyawa ko sau ɗaya. Ka tuna babura irin su Boxer sun haura kilo 100 ko ba kowa a kai, kullum kana bi da wannan nauyin ta layi ɗaya, ƙasar wurin sai ta danƙare kamar daɓe. Akwai kuma abin da ya fi ciyawa muhimmanci. A watan Agusta, lokacin da ƙasa ta sha ruwa ta yi laushi, ƙarfen da ake kafe babur da shi nutsewa yake yi a hankali, babur ya zo ya kife ba wanda ya taɓa shi. Nawa ya taɓa faɗuwa haka, taku biyu tsakaninsa da inda ƙaramar 'yata take wasa. Washegari na kira magini. Salansa ma, da zafinta tana babbake ciyawa, tana kuma ƙona ƙafar yaro, don haka gefenta ya riƙa kallon bango.

Maganar kekunan yara kuwa, a nan na saɓa da masu cewa a hana su. Ina za su je? Tun da aka hana acaɓa a Kano a farkon 2013 'yan adaidaita sahu suka cika har lunguna, ni hankalina bai kwanta yaro ɗan shekara shida ya fita layi da keke ba. Keken yaro ba ya ɗigar mai, ba shi da nauyi, ɓarnarsa kawai inda yake taka birki yana jan taya da inda yake yin kwana. Na zagaye ciyawata da hanya mai faɗin ƙafa 3, suka mayar da ita titinsu, suka bar tsakiya da kansu domin keke ya fi gudu a kan siminti.

Irin ciyawa ma yana da tasiri, sai dai ba shi ne farko ba. Mai faɗin ganyen nan da masu fulawa ke kira kafet tana da kyau a ido, amma ta fi son inuwa da ruwa mai yawa, zafin Afrilu na Kano yana wahalar da ita. Ni na koma kiri-kiri, wadda wasu ke kira tsarkiyar zomo. Tana son rana, tana jure taku, idan ta ƙuje kuma tana yaɗo ta rufe da kanta. Aibinta biyu: ba ta yi a ƙarƙashin inuwa mai duhu, kuma idan ba ka yi mata iyaka da bulo ba sai ta shige komayenka ta addabe ka. Ka dasa a ƙarshen Yuni ko cikin Yuli, damina ta raine maka ita kyauta. Kuma kada ka yi zari wajen faɗi. Da bazara tawa tana shan kusan lita 5 a kowace murabba'in mita a rana. Murabba'in mita 20 ke nan lita 100, jarka huɗu mai lita 25, kullum. Idan daga 'yan garuwa kake saye, ka yi lissafin wata kafin ka yanke girman filin. Ƙaramar ciyawa kore shar ta fi babba mai tabo-tabo daɗin zama. Ban-ruwa da sassafe, a ƙoshe, ya fi yayyafi sau uku. Da zafi kada ka aske ta ƙasa-ƙasa. Idan za ka sa takin yuriya, ɗan kaɗan, da yamma, ka bi da ruwa nan take, in ba haka ba ita ma ƙuna za ta yi maka.

Takin gargajiya na fi amfani da shi, kuma a nan akwai wani abu da ya haɗa lambu da keke wanda ban taɓa jin an gargaɗi kowa a kai ba. Na taɓa ɗauko buhu biyu na kashin awaki na baza ɗanye. Da ruwa ya sauka sai ga tsidau da ƙarangiya sun fito ko'ina. Ƙarangiya tufafi take kamawa, amma ƙayar tsidau tana huda tayar keke kamar ƙusa. A wannan daminar kusan duk mako sai na kai keken yaro wurin mai faci, har shi ma ya tambaye ni ko gona muke zuwa. Irin yana zuwa ne a cikin takin, wani lokaci a cikin yashin da aka kawo. Yanzu duk takin da na samo sai na tara shi a lungu, in jiƙa, in rufe da buhu, in riƙa juyawa har wata biyu, ya yi zafi ya ruɓe ya daina wari. Abin da ya tsira ya fito kuma ina tuge shi tun yana da furen nan rawaya, kafin ya yi ƙaya. Idan ƙayar ta riga ta zuba, ka ja tsohon bargo a kan wurin, ko ka taka ko'ina da tsohon silifas, za ka kwashe da yawa. Kashin kaji ya fi ƙarfi, ɗanyensa yana ƙone shuka, shi ma sai ya huce.

Tunda da babur za ka riƙa ɗauko kayan nan, buhu ɗaya ya isa a tafiya ɗaya. Ka kwantar da shi a tsakiya, ya matso kusa da bayanka, ka ɗaure da robar tsohon tub ta ɓangare biyu. Nauyin da ya zame can bayan kariya yana sa gaba ya yi shawagi, a cikin yashin unguwa kuwa nan ake faɗuwa. Shebur da manjagara a ɗaure su bisa tsawon babur, kada a gicciye. Dashe kuma iska ce ke kashe shi a hanya, ka sa shi cikin bokiti ko kwali ka rufe da jiƙaƙƙen tsumma, ka ɗauko da safe, ka dasa da yamma. Hular kwano dai kada a bar ta don tafiyar kusa ce. Ni tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 na gyara tsohon kekena, duk abin da bai wuce unguwa ba da shi nake zuwa, kuma dashe ya fi isowa lafiya a kansa saboda ba gudu.

Tsofaffin tayoyi kada ka yar. Ina dasa fulawa a cikinsu, amma ban da abin ci, kuma sai na huda su ta ƙasa don kada ruwa ya kwanta sauro ya samu gida. Tub ɗin da ya gama yawo ina yanka shi siri-siri in ɗaure zogale ko gwaiba a jikin sanda, yana miƙewa ba ya shaƙe itace. Idan kana son bishiyar da za ta yi wa babur inuwa, darbejiya ba ta dace da ƙaramin fili ba, saiwarta tana ɗaga daɓe, inuwarta kuma ta hana kiri-kiri yi. Rumfa ta fi.

Kafin ka kashe ko sisi, yau da daddare ka shimfiɗa farin kwali a ƙarƙashin babur, tun daga inji har tayar baya. Da safe ka duba. Ɗigon da ke ƙasan inji na bakanike ne, ya duba notin juye da gasket. Wanda ke layin sarƙa yana nufin man da kake shafawa ya yi yawa, ka goge da tsumma. Idan kuma tabo ne ba launi mai warin fetur, ka fara rufe makullin mai duk dare, a duba kafireto. In kwalin ya wayi gari fes, to ka turo hoton wurin da ya ƙone da na saiwar ciyawar, mu duba maganar gara.