Tambaya da Amsa: Zuciyata Tana Can a Rumfar Kara

TAMBAYA: Baba Fasto, ina gaisuwa da fatan alheri. Ni da maigidana mun yi shekara 4 muna aikin bishara a wani ƙauye da ke arewa da Maraɗi, a Jamhuriyar Nijar, inda duk ikkilisiyar ba ta wuce mutum 17 ba, kuma a rumfar kara muke yin sujada. A can, da zarar an ɗaga waƙa sai in ji Ubangiji kusa da ni har hawaye su zubo. Yanzu mun dawo Katsina, majami'armu babba ce, ga fanka, ga lasifika, ga kayan kiɗa, amma yadda na shiga haka nake fitowa, zuciyata a bushe. Shin bangaskiyata ce ta yi sanyi?
Daga wata matar mai bishara, Katsina.

AMSA: 'Yata, barka da dawowa, Ubangiji ya ba ku ladan wahalarku. Ki kwantar da hankalinki, domin wanda bangaskiyarsa ta mutu ba ya jin ƙishin da kike ji, balle har ya ɗauki alƙalami ya rubuto.

Na san irin rumfar da kike nufi. Na taɓa yin sujada a wani ƙauye bayan an wuce Jibiya an tsallaka Ɗan Issa, a shekarar da damina ta yi gardama. Da lokacin baiko ya yi, wata tsohuwa ta taso da ƙyar tana dogara sanda, ta kwance bakin zanenta, ta juye gero da bai cika rabin tiya ba a cikin ƙwaryar da ke gaban mai bishara, sa'an nan ta durƙusa a kan yashi ta yi addu'a tana ambaton sunan kowane mutum da ke wurin, har da ni baƙo. Ranar na kasa buɗe baki in yi wa'azin da na shirya, sai da aka ƙara waƙa biyu.

To amma ki lura da abin da ya faru a wurin. Kowa ya san kowa, idan mutum ɗaya bai zo ba tabarmarsa za ta faɗa, kuma kafin azahar an je an dubo shi. Ke ma a can ke ce mai ɗaga waƙa, ke ce mai koyar da yara, ke ce mai zama kusa da matar da danginta suka juya mata baya. Da dukan zuciyarki kike zuwa, domin kin san idan kin yi sakaci babu mai toshe gurbinki. A Katsina kuwa kina iya zama a bencin baya wata 3 ba tare da an nemi komai a hannunki ba. Alkawarin da ke Matiyu 18:20 na mutum biyu ko uku da suka taru da sunan Yesu ne, bai ambaci irin rufin ɗakin ba, kuma ikkilisiyar Filibi ta faro ne daga taron mata masu addu'a a bakin kogi, kamar yadda Ayyukan Manzanni 16:13 ya nuna.

Ina kuma jan kunnenki, kada ki mai da talaucin 'yan'uwan nan abin sha'awa. Su da kansu rufin kwano suke addu'ar samu. Aikin da mishan ɗin SIM, wato ƙungiyar masu bishara ta Sudan Interior Mission, ya fara a Zinder a 1924, ya kai ga buɗe asibitin Galmi a 1950, ya bar ikkilisiyoyi ƙanana a ƙasar da masu bi ba su da yawa, kuma a watan Janairun 2015 an ƙona majami'u da dama a Zinder da Yamai. Waɗanda suka koma sujada a ƙarƙashin tanti a lokacin ba zaɓa suka yi ba. Saboda haka kada ki raina majami'ar da kika dawo cikinta, domin da baikon ikkilisiyoyi irinta ake riƙe masu bishara a filin aiki, kuma ke shaida ce a kan wannan.

Shawarata ita ce ki je wurin shugabar Zumuntar Mata ki roƙi a ba ki sunayen gwauraye da marasa lafiya 5 da ba sa iya zuwa sujada, ki riƙa zagaya su kowane mako da Littafi Mai Tsarki a hannu. Sau ɗaya a wata kuma, idan hanya ta yi kyau kuma fastonku ya yarda, ke da maigidanki ku ziyarci ɗaya daga cikin ƙananan ikkilisiyoyin karkara da ke wajen Malumfashi ko Kafur. Kada kuma ki yanke zumunci da mutanenki na Nijar: ki kira su a waya ranar Lahadi da yamma, ki tambayi kowa da sunansa. Bayan wata 3 ki sake rubuto mini, ki faɗa mini sunan wadda kika fara ziyarta da abin da kuka roƙa tare.