Lokacin da ya dace a yanke alfalfa domin harawa

Ka tambaya yaushe ya kamata a yanke alfalfa, wato wata shukar abincin dabbobi dangin wake, idan harawa ake nufin yi da ita. A yanke ta da zarar ta fara fure, wato lokacin da kusan kashi 10 cikin 100 na tsirran gonar suka buɗe furensu mai ruwan shunayya. A wannan mataki ganye ya cika, kara bai yi tauri ba, kuma furotin ɗinta kan kai wajen kashi 18 cikin 100. Idan aka jinkirta har gona ta cika da fure, dami zai ƙara nauyi, amma za ka tarar dabbobi suna tsince ganye suna barin kara a ƙasa. A bar kututture kamar santimita 5 zuwa 7 domin sabon toho ya fito da ƙarfi.

Sharaɗin da na ga ya fi tasiri shi ne shanya, domin yawancin amfanin alfalfa a ganyenta yake, ganyen kuwa yana riga kara bushewa. Wanda ya juya ta da tsakar rana bayan ta bushe ƙayau zai ga ƙananan ganyayyakin suna kakkaɓewa kamar gari, ya kwashi karare zalla. Ni da sassafe nake juyawa da tattarawa, tun da sauran laushin raɓa a jikinta, amma ba na ɗaure dami sai na murɗa kara na tabbatar babu danshi, saboda harawar da aka ajiye da jiƙa takan ɗauki zafi ta yi fumfuna.