Mai son buga gem: i7 za ka ba shi ko babban katin girafik?

Ɗana, tambayar da ka yi mini ɗazu a shago ba ta amsuwa a tsaye, shi ya sa na ce ka bari sai mun rufe. Ka ce kwastoma ya zo da kuɗin laftof ɗaya, ga guda biyu a gabansa farashinsu kusan ɗaya: wannan mai furosesa Core i7 ce da katin girafik RTX 3050, waccan kuma Core i5 da RTX 3060. Shi gem yake son bugawa. Kai kuma ranka ya fi kwantawa da mai i7, tunda a lissafi bakwai ta fi biyar.

Mai i5 ɗin za ka miƙa masa. Ka tsaya ka ji dalili da kyau, don a nan kasuwar Banex ta Abuja za ka riƙa cin karo da wannan tambaya kullum.

A cikin gem, furosesa shi ke lissafa abin da ke faruwa: maɓallin da ka danna, inda ƙwallo za ta faɗa, inda abokin gaba zai ɓullo. In ya gama sai ya miƙa wa katin girafik, shi kuma ya zana hoton da ido zai gani, da ciyawarsa da inuwarsa da hasken fitilunsa. Sikirin na 1920 da 1080 ɗigo ne sama da miliyan 2, kuma katin zai cike su duka sau 60 a daƙiƙa ɗaya, wani lokaci sau 144. Kamar shagon tela ne ana gobe Sallah: mai yanka ya gama nasa da wuri, kaya sun taru gaban mai keke. Ko ka kawo gwanin yanka na biyu, riga ba za ta fita da sauri ba sai keken ya yi gudu. A yawancin manyan gem na yanzu, katin girafik shi ne mai keken.

Kuma tazarar waɗannan katunan biyu ba ƙarama ba ce. RTX 3050 na laftof yana da ƙananan injinan lissafi 2048, RTX 3060 kuwa 3840. Na farko yawanci da ma'ajiyar hoto 4GB yake zuwa, na biyu 6GB. Wannan 4GB ɗin shi ke fara ba mutum haushi: gem ya buɗe lafiya, ana shiga wuri mai cunkoso sai hoto ya fara tsinkewa, bango ya koma kamar an shafa masa laka. Bambancin i5-11400H mai kor 6 (wato sassan lissafi 6 a cikin furosesa) da i7-11800H mai kor 8 kuwa, a cikin gem da wuya mai wasa ya lura da shi.

Abin da ya sa nake matsa maka a kan wannan, kai da kanka ka sha buɗe su ka gani. Furosesa da katin girafik a laftof ɗin zamani narke suke a jikin bod. RAM (ma'ajiyar aiki ta wucin gadi) ana ƙarawa, SSD (ma'ajiyar fayiloli) ana canjawa, batir ma haka. Amma katin da mutum ya saya yau, da shi zai zauna har ranar da zai rabu da kwamfutar. Yaron da ya yi wata da watanni yana tara kuɗi, kar ka bari sitikar da ke gefen kibod ta yanke masa hukunci.

Sitikar nan ma sai an yi hattara da ita. "i7" kaɗai ba ta gaya maka komai ba. Karanta lambar gaba ɗaya. i7-7700HQ na 2017 ne, kor 4 gare shi, i5 na zubi na 11 ko na 12 ya wuce shi nesa ba kusa ba. Sannan ka duba harafin ƙarshe. Mai H an yi shi ne don aiki mai nauyi, yana jan wajen wat 45. Mai U na siraran kwamfutocin ofis ne, wajen wat 15, an gina shi don batir ya daɗe. Idan i5 ɗin mai H ne kuma ba tsoho ba, ya isa.

Sai dai kada ka mai da maganata ta zama doka a kan kowa. Fara tambayar mutum wane gem yake bugawa. Mai eFootball ko GTA V, duk biyun za su ɗauke shi. Masu Valorant da Counter-Strike 2, waɗanda ke rage kyan hoto don su sami gudu, su furosesa ya fi yi musu tasiri. Wanda kuma gem ɗin na ƙarshen mako ne, ainihin aikinsa rubuta manhaja ko manyan lissafi, to mai i7 na iya fi masa amfani.

Yanzu ga abin da da yawa cikin masu sayarwa ba sa dubawa: wat ɗin katin. Sunan kati ɗaya, ƙarfi daban. RTX 3060 na laftof ana saita shi daga wat 60 zuwa 115, gwargwadon yadda kamfanin ya gina sanyayarsa. Siririyar laftof mai kyan gani sau da yawa ƙaramin wat aka ba ta, don ba ta da hanyar fitar da zafi. Shiga NVIDIA Control Panel, manhajar saita katin, ka buɗe bayanan na'ura, za ka ga iyakar wat ɗin a rubuce. Mai kauri, mai fanka biyu da manyan ramukan iska a baya da gefe, ita nake fifitawa ko da ta fi nauyi a jaka.

Zafin Abuja a watan Maris kuwa ba ya raga wa kowace na'ura, ga ƙurar hunturu da ke toshe ramukan fanka. In ta hannu ce, kwance murfin ƙasa ka duba. Za ka tarar da ƙura ta dunƙule kamar auduga tsakanin fanka da ƙarfen sanyaya, man da ke kan furosesa ya bushe ya farfashe. Irin wannan tana kaiwa digiri 95 sai ta rage wa kanta gudu, mai ita ya ɗauka katin ne ba shi da ƙarfi. Share ta, sa sabon mai, sannan ka gwada.

RAM ya zama 16GB, sanda biyu masu 8GB, ba sanda ɗaya ba.

Caja kuma dole ta zama tata ta asali, mai wat 180 ko 230 yadda aka rubuta a ƙasan kwamfutar. Ƙaramar caja za ta kunna ta, amma gem na farawa batir zai riƙa sauka alhali tana jone. Ka kuma gaya masa tun kafin ya biya cewa a kan batir kaɗai gudun zai ragu sosai, kuma ba za ta daɗe ba. In unguwarsu wuta ba ta zama, ya san zai nemi inbata ko janareta.

Kafin ka karɓi kuɗin kowa, jona caja, kunna masa gem ɗin da ya ambata, ku bar shi ya yi minti 20 ko 30 kuna kallon zafi da yawan hotunan da take fitarwa a daƙiƙa. In ta fara da gudu sannan gudun ya ragu bayan minti 10, ajiye ta gefe mu sake buɗe ta, ka ɗauko masa wata.