Wayata tana ɗaukar zafi idan na fita ɗaukar bidiyo a bazara

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni ɗalibi ne a Kano, ina da sha'awar ɗaukar hoto da bidiyo da waya. Ranar Asabar mukan hau Dutsen Dala ni da abokaina, wani lokaci mu je madatsar ruwa ta Tiga. Tunda bazarar nan ta kankama, da na fara ɗauka sai wayar ta yi zafi kamar dutsen guga, sikirin ya dushe, kyamara ta rufe kanta. Wani abokina ya ce in riƙa sa ta a firij. Ko batirin ne ya mutu?

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanena. Da wuya in batirin ne. Wayar kanta take karewa. A cikinta akwai abin da ke auna zafi, in ya wuce ƙima sai ta sassauta aiki, ta rage haske, ta tsayar da caji, ƙarshe ta kashe kyamara. Kamfanin Apple ya ce a yi amfani da iPhone inda zafi bai wuce digiri 35 ba, sauran wayoyi ma ba su yi nisa da haka ba. To a Kano, watan Afrilu da tsakar rana, a kai 40 ba labari ba ne, kuma a inuwa ake auna wannan. Kai ga ka a kan dutse, rana tsaka, baƙin gilashi yana shan ta kai tsaye.

Ka ƙara mata da bidiyon 4K, wato mai tsananin fitar hoto, wanda yana cikin aikin da ya fi gajiyar da waya, ka ƙure hasken sikirin don ka gani. In kuma kun je inda sabis ke rawa, sai ta ƙara ƙarfi tana neman eriya, wannan ma zafi ne. Sauko da bidiyon zuwa 1080, cire mata riga, danna alamar jirgin sama in ba kira kake jira ba. Za ka ga bambanci.

Amma abin da ya fi damuna ba ka ma ambace shi ba, kuma na san kuna yi: a jona fawa bank ana ɗauka. Batirin litiyom yana fitar da zafi in yana caji, balle da cajar nan mai sauri. Rana daga waje, caji daga ciki, kyamara na aiki. Nan ne batiri yake tsufa tun bai kai ba, kuma ƙarfin da zafi ya cinye ba ya dawowa. Haka in an kawo wuta cikin dare a jona ta a tura ƙarƙashin filo. Ajiye ta a kan siminti ko tayil, ta sha iska. In wayarka tana da tsarin tsayar da caji a kashi 80, kunna shi.

Zancen firij kuwa, a kai kasuwa. Ka taɓa lura da ledar ruwa mai sanyi yadda take gumi in an fito da ita? Haka raɓa za ta taru a cikin wayar, ta ci ƙananan ƙafafun da ke kan allon injin. Inuwa da fanka na ƴan mintuna sun isa.

Kwanan baya wani bawan Allah ya kawo mini wayarsa, ya bar ta a gaban mota ya shiga masallacin Juma'a, gilasai a rufe. Cikin motar da ke rana yana iya haura digiri 60. Bayan wayar ya ɗago kamar burodi, har gam ɗin ya saki. Duba taka: ka kwantar da ita a kan tebur, in ka ga murfin baya ya yi tudu ko sikirin ya ɓanɓaro ta gefe, batirin ya kumbura. Kada ka danna shi, kada ka huda, kada ka sake jona caji, domin yana iya kamawa da wuta. Kai ta kasuwar waya ta Farm Centre ko wurin mai gyaran da ka yarda da shi a canza.

In ba ta kumbura ba, lokacin fita kawai za ku sauya. Ku hau Dala da sassafe ko bayan La'asar sakaliya. Hoton ma ya fi fitowa, don hasken tsakar rana wanke launin gari yake yi.