Zan Iya Shigo da Kayan Haɗa Harsashi Legas?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Agege, kuma na jima ina kallon gasar harbin nesa ta Amurka a YouTube, inda ake nufar allon ƙarfe daga nisan fiye da kilomita ɗaya. Na lura masu gasar da kansu suke haɗa harsasansu. Me ya sa suke yin haka, kuma zan iya odar kayan haɗin su zo mini ta tashar jiragen ruwa ta Apapa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Harsashin bindiga abu huɗu ne a haɗe: kwanson tagulla, da albarushi, da kan harsashin da ke fita, da kuma ɗan ƙaramin maƙunshin wuta da ke gindin kwanso, wanda allurar bindiga ke dukansa ya kunna albarushin. Masu harbin nesa suna haɗa nasu ne saboda a irin wannan tazara ɗan bambanci kaɗan a nauyin albarushi yana sauya gudun harsashi, har ya sauka sama ko ƙasa da inda aka nufa. Akwai kuma batun tsada, domin manyan harsasai irin su .338 Lapua Magnum da .50 BMG kuɗi ne mai yawa, kuma kwanso ɗaya ana iya sake cika shi sau da dama. Kamfanoni irin su Lapua na ƙasar Finland da Hornady na Amurka sun yi suna a sana'ar ƙera kayan haɗin. Ko a Amurka ma abin ba ya zuwa da sauƙi, domin ana aika albarushi da maƙunshin wuta ne a matsayin kaya masu haɗari, kuma a shekarun 2020 da 2021 sun yi ƙaranci ƙwarai a kantuna.

To amma kai a Legas kake, kuma a nan ne maganar ta tsaya. Dokar Bindigogi ta 1959, wadda har yau ake aiki da ita, ta kasa makamai gida uku: waɗanda aka haramta sai da izinin Shugaban Ƙasa, da na amfanin kai waɗanda Sufeto Janar na 'yan sanda ke ba wa lasisi, da bindigogin gargajiya irin adaka na maharba. Dokar ta kuma hana kowa ƙera ko harhaɗa harsashi, sai a ma'ajiyar makamai ta gwamnati ko masana'antar da aka kafa domin sojoji, irin DICON da ke Kaduna tun 1964. Saboda haka abin da Ba'amurke yake yi a garejin gidansa don nishaɗi, a nan laifi ne da ke kai mutum kurkuku, ko da kuwa yana da lasisin bindigar farauta.

Batun shigowa da kayan haɗin ta tashar jiragen ruwa ya fi muni. Kayan makamai ba sa wucewa sai da lasisin shigo da kaya da takardar shaida daga ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Harkokin Tsaro, kuma jami'an kwastam na Legas idonsu a buɗe yake, musamman tun bayan bindigogi 661 da suka kama a watan Janairun 2017. Duk dillalin da ya ce zai shigo maka da su a ɓoye cikin wasu kaya, ka sani sunanka ne a takardun kwantenar, ba nasa ba.

Idan iya saiti ne burinka, Alhaji, ka nemi Hukumar Wasan Harbi ta Najeriya ka tambayi yadda ake horon bindigar iska ta mita 10, wadda ake fafatawa da ita har a gasar Olamfik. Riƙe numfashi da taɓa kunamar bindiga a natse duk a nan ake koyon su.