Amsa kan stop loss (SL) ɗin da kasuwa ke taɓawa sannan ta juya

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da yamma. Ɗan'uwan da ya ce a Binance Futures, kasuwar kirifto ta hasashen hawa ko saukar farashi, kullum farashi sai ya taɓa masa SL, wato birkin da ke fitar da mutum daga ciniki in asara ta kai inda ya sa, sannan ya juya ya tafi inda ya hango, har yana tambaya ko farautarsa ake yi. To malam, babu mai farautar dala biyar ɗinka. Birkin ne ka matse, kuma kullum tazara ɗaya kake ba shi, alhali kasuwar yau daban, ta jiya daban.

Ka buɗe TradingView, manhajar duba jadawalin farashi, ka ɗora ma'aunin ATR (Average True Range), ka bar shi a 14 yadda ya zo. Yana auna maka matsakaicin tsawon kyandir ne (sandar da ke nuna motsin farashi a jadawali), har da lagwaninsa, a kyandirori 14 na baya. Ba ya cewa sama za a yi ko ƙasa, zafin kasuwa kawai yake nunawa.

Mu ɗauka Bitcoin kake yi a kyandir na awa ɗaya, ATR ya nuna dala 400. Ka ba SL ninki ɗaya da rabi, dala 600 ke nan daga inda ka shiga, kuma in saye ka yi, ya faɗa bayan ƙasan da farashi ya yi na ƙarshe, ba a kansa daidai ba, don nan kowa yake jibge nasa.

Ga inda mutane ke ƙonewa, ku saurara da kyau. In ka faɗaɗa SL, dole ka rage kaya, wato yawan Bitcoin ɗin da za ka ɗauka. Jarinka dala 500 ne, ka yarda ka rasa kashi ɗaya cikin ɗari, wato dala 5. Raba 5 da 600, ya ba ka kusan 0.008 na Bitcoin, iyakar abin da za ka ɗauka ke nan. Gobe kasuwa ta haukace ATR ya koma 800, SL ya zama 1,200, kayanka ya sauko 0.004. Asarar dai dala 5 ce, ba ta motsa ba. Wanda ya faɗaɗa birki ya bar kaya yadda yake, shi ya ninka wa kansa asara.

TP kuwa, wato take profit, inda za ka fita da riba, ka sa ninki biyu na SL. A haka ko sau huɗu ka ci cikin goma kana da riba, in kuɗin caji bai cinye ba. Amma in kasuwa ta kwanta, ATR ya tsuke, kada ka zauna jiran TP ɗin ranar da ake guguwa, ka matso da shi.

Sai leberej, wato ninka jarinka da aro. In farashin Bitcoin yana dala 60,000, dala 600 kashi ɗaya ne cikin ɗari. Ka ɗauki ninki 100 a tsarin isolated, inda kuɗin da ka ware wa cinikin kaɗai ke tsaya maka, wallahi za a share ka, wato a rufe cinikin kuɗin ya tafi, tun kafin a kai ga SL ɗin. Ka duba farashin sharewa, lallai ya kasance can nesa bayan birkinka.

Ranar da Amurka ke fitar da alƙaluman hauhawar farashi, ƙarfe 1:30 na rana agogon Najeriya da Nijar, ko 2:30 in sun canja agogo lokacin sanyi, ATR ɗin da ke gabanka tsohon labari ne. Ka jira kyandir biyu su rufe tukuna. Kuma ka sa SL irin stop market, mai fitar da kai a duk farashin da aka samu, don stop limit, mai jiran farashin da ka ƙayyade, farashi yana iya tsallake shi ya bar ka a ciki.