Amsar Baffa kan ɗan dajin bayan gona

Assalamu alaikum, ɗana. Saƙonka ya iso. Ka ce masu gawayi sun taya ɗan dajin da ke bayan gonar marigayi babanka a wajen Pitowa ta arewacin Kamaru, za su share shi su biya ka a hannu, amma innarka ta ce ba a saran gawo da ɗorawa da kaɗanya. Kana tambaya ko camfi ne.

Akwai ɗan camfi a ciki. Zancen aljanu a gindin tsamiya da kuka, da shi ake tsorata yara. Amma abin da innarka ta faɗa maka lissafi ne na mutanen da suka ga fari da yunwa da idonsu.

Ka lura da gawo da damina. Kowace bishiya ta yi kore shar, shi kuwa ya zubar da ganyensa, don haka ba ya tare wa dawa rana, ganyen kuma ya ruɓe ya zama taki. Da rani sai ya yi ganye, shanun Fulani su sha inuwarsa, su ci 'ya'yansa, su bar maka kashi a gona. Da kaka ka je ka dubi zangarniyar da ke gindinsa ka gwada da ta nesa. Har Sodecoton, kamfanin auduga na Kamaru, a shekarun 1990, sai da ta shiga ba manoman auduga ɗan tukuici don su bar ƙananan gawo su tashi a gonakinsu.

Kaɗanya da ɗorawa kuwa maganarsu ta fi nauyi, domin ba naka ba ne kai kaɗai. Kaɗanya takan shekara 15 ko fiye kafin ta fara 'ya'ya, wadda kake gani yau wani ne ya kāre ta tun ba a haife ka ba. A gidanmu ko an ba mutum aron gona, ɗorawar da ke ciki tana nan ta masu gona. Mata ne ke tsintar kaɗe da farkon damina su yi mai, su dafa kalwa su yi daddawa, ɓawon ɗorawa kuma a yi makuba a shafe soro. Da wannan kuɗin innarka ta sayi sabulu da littattafanku. Ƙannenka mata ma suna da rabo a gadon nan. In ka sayar ba da saninsu ba, ka ci haƙƙi, kuma wannan ne ya fi damuna.

Ban ce kada gatari ya shiga dajin ba. Marke, geza, sabara da dogon yaro duk ana sara, suna kuma tohowa. Ka raba wurin kashi huɗu ko biyar, kowace shekara ka taɓa kashi ɗaya bayan an kawar da amfanin gona. Ka wasa gatarinka, ka sare a karkace don kada ruwa ya kwanta a kan kututture, kada kuma ka cinna masa wuta. In ya toho, ka zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi ka bari, ka cire sauran, ka kewaye su da ƙaya saboda awaki. Mutanen Maraɗi da haka suka maido da itatuwa gonakinsu tun shekarun 1980, suna ce masa sassaben zamani. Sannan da ciyawa ta fara bushewa ka share hanya kewaye da dajin, don gobara ɗaya ta watan Maris tana cinye wahalar shekaru.

Kuɗi kake so, na sani, kuma ba laifi ba ne. Masassaƙi zai sayi busasshiyar kirya ya fafe turmi, maƙera kuma gawayinta suke nema. Aduwa ana yin allo da ita. Majema na sayen bagaruwa. Marke miƙaƙƙe dirka ce ta rumfa. Ka ɗora amya biyu ko uku a kan manyan rassa, ka tambayi mutanen Ngaundere abin da zuma ke kawo musu. Ba zai zo maka a dunƙule ba, amma kowace Lahadi kana da abin kai wa kasuwar Pitowa.

Ka kuma yi hattara da hukuma. A tsohuwar dokar daji ta 1994, wadda aka sauya a 2024, abin amfanin gida an bar wa mutanen gari, na sayarwa sai da takardar ma'aikatan gandun daji. Maƙwabtanmu na Chadi a ƙarshen 2008 aka hana su gawayi ɗungurungum saboda yadda daji ya ƙare a kewayen Injamena, talakawa suka sha wuya wajen girki.

Kada ka karɓi ko dala daga masu gawayin nan tukuna. Bayan girbi zan zo, mu kira jauro, wato mai gari, da ƙannenka mu zaga iyaka, mu ɗaura tsumma a kan itatuwan da ba za a taɓa ba. Ka tanadi adda da gatari. Ka gaida innarka da kyau.